Motar Suruki a Sama

Wani mutum ne ya koyi gyaran mota sama-sama, irin koyon da ake yi a tsaye, hannu cikin aljihu. Surukinsa yana da wata rumfar kwano a bakin titi, babu komai cikinta sai tsofaffin tayoyi. Mutumin ya daɗe yana roƙon a ba shi ita ya buɗe gareji. Surukin ya ce shi ba ya ba da wuri ga wanda bai ga aikinsa ba, ya fara nuna abin da ya iya tukuna.

Shi kuwa gogan naka babu abin da ya tsana kamar kwanciya a ƙarƙashin mota, baƙin mai yana ɗiga masa a ido. Ya taɓa leƙa wani babban gareji ya ga an ɗaga mota sama, makaniki ya shiga ƙarƙashinta a tsaye yana aiki. Tun daga ranar ya ce shi ma irin wannan zai yi, kuma da shi zai burge surukinsa.

Ya je wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya zaɓo sifirin na tirela, falle-fallen ƙarfen nan masu lanƙwasa da ke ɗaukar nauyin kaya. Mai ƙarafan ya tambaye shi wace mota zai sa wa. Ya ce ba sa wa mota zai yi ba, mota zai ɗora musu. Mai ƙarafan ya dube shi, ya dubi sifirin ɗin, ya taya shi lodi.

Ya haƙa rami a gaban rumfar. Wani mai walda ya haɗa masa sifirin ɗin baya da baya, ya ɗora wasu kan wasu a cikin ramin, ya shimfiɗa faffaɗan faranti na ƙarfe a sama, inda mota za ta tsaya. Abin ya miƙe ya fi mutum tsawo.

Saura yadda mota za ta hau. Nan ma bai rasa dabara ba. Wani abokinsa direban tifa ya zo da lodin yashi ya juye a kan farantin. Sifirin ya kwanta har farantin ya zo daidai da ƙasa. Suka ɗaure shi da sarƙa, suka soka wata ƙatuwar ƙusa ta riƙe sarƙar. Daga nan suka kwashe yashin, direba ya tafi kai wa mai shi.

Washegari ya aika wa surukinsa cewa ya kawo mota a canza mata mai kyauta.

Motar ƙarama ce, tsohuwa, amma kullum sai an goge ta, kuma ba a taɓa ganin wani a bayan sitiyarinta ba sai mai ita. Don haka shi da kansa ya hau da ita kan farantin. Bai ko kashe ta ba, gogan naka ya ɗaga guduma ya doke ƙusar nan.

Sifirin ɗin da ya saba da lodin tirela bai ma san an ɗora masa wani abu ba. Motar ta yi sama, ta rabu da farantin, ta dawo, ta sake tashi, sannan ta tsaya tana lilo. Hular surukin ta nutse masa har hanci.

Mutumin ya shige ƙarƙashi, ya kwance noti, ya juye tsohon mai, ya ɗaure, duk a tsaye yana fito. Ya fito ya ɗaga kai.

"Baba, ka ga aiki? Ko ɗigo babu a rigata."

"Na gani. Sauke ni."

Gogan ya zagaya abin nasa ta dama, ya zagayo ta hagu. Ya kira direban tifa a waya, direba ya ce ya yi nisa, amma in ana so gobe zai zo ya juye yashin a kan motar. Surukin ya ji daga sama, ya ce duk wanda ya zuba wa motarsa ko ƙwayar yashi ɗaya sai sun kwana a gaban alƙali.

Aka kawo tsani don a sauko da dattijon. Ya ce babu inda za shi, tare suka hau da motarsa, tare za su sauka.

Mai walda ya ce ai nauyi ne ya kwantar da abin jiya, nauyi za a nema. Sai aka shiga tara maƙwabta. Mahauci ya fara hawa, mutum ne mai jiki, tsanin har kuka yake. Mota ta sauko kaɗan. Tela ya bi, mai faci ya bi, mai walda ya bi, da wani da ya tsaya tambayar hanya kawai. Kowa ya iso, sai surukin ya sa shi ya cire takalmi, ya kuma gargaɗe shi kada ya buga ƙofa. Aka cika but ɗin motar da buhunan siminti. Kujeru suka ƙare, mahauci ya zauna a cinyar tela, tela ya ce a gaya wa iyalinsa inda ya ajiye ɗinkin mutane.

Farantin ya yi ta sauka har saura taki guda ya taɓa ƙasa, ya tsaya. Babu wanda ya rage a waje sai mai abin. Ya rungumi wani tsohon gindin inji, ya hau bayan farantin, ya yi tsalle ya dira. Farantin ya zauna daram a ƙasa.

"A miƙo ƙusa a soka!" in ji shi.

Masu miƙo ƙusa kuwa duk suna cikin mota. Shi kuma surukin, da ya ga titi daidai da tayarsa, bai tsaya jiran ƙusa ba. Ya sa giya ya fice da mahauci da tela da siminti gaba ɗaya.

Farantin ya yi sama, injin ya faɗi nan kusa. Mai riƙe da shi ne aka ɗan jima ba a gani ba, sai da aka ji ƙarar kwano.

Surukin ya tsaya gefen titi, ya sauke fasinjojinsa ɗai-ɗai, ya zagaya motar yana shafa ta, ya gyara hularsa. Yana shirin komawa ciki sai ga murya daga kan rufin rumfar, inda kwano ya lotsa daidai girman mutum.

"Baba, amma dai ka shaida tana ɗagawa. To, maganar rumfar fa?"

Surukin ya ɗaga kai ya dube shi.

"Saman na bar maka. Ƙasan kuwa sai ran da ka ƙera abin saukowa."