Kunnen Mai Girma da Ƙwallon Auta

Jiya na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya, hannun rigata na reto, ga shatin kulki a kafaɗa. Maƙwabcina Tela ya hango ni daga bakin shagonsa, ya tsayar da keken ɗinki, ya tambaye ni ko 'yan fashi ne suka tare ni. Na ce masa a'a, kallon ƙwallo na je a sabon filin wasa na ƙasa, kuma da tikitina a hannu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to Allah ya kyauta, su waɗanda suka je ba tikiti fa, an samu gawarsu?

Masu karatu, kun san ni direban babbar mota ne, shekara ashirin da 'yan kai ina kan titi. Ban yi karatun gini ba, ban san yadda ake zana taswira ba. Amma na zauna a manyan filayen wasa guda uku da mazaunaina, ba labari aka ba ni ba. Akwai tsohon filinmu na tsakiyar gari. Akwai na wata ƙasa maƙwabciya, wanda na shiga lokacin da motata ta lalace a can na yi kwana tara ina jiran kayan gyara. Sai kuma wannan sabon, wanda aka ce babu irinsa ko'ina. Wannan maganar kam gaskiya ce, na tabbatar jiya.

Ba don kaina na je ba. Yayata ce ta sa ni. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta yi shekara talatin tana shara da goge-goge a wani asibiti har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Ɗanta na ƙarshe, wanda duk muke kira Auta, shi aka kira cikin 'yan wasan ƙasa a karon farko. Wannan matar da kuke ji, sau biyu tana jefa takalman ƙwallonsa kan rufin ɗaki yana yaro, tana cewa ba ta haifi ɗa don ya ƙare a bin fata mai iska ba. Ba ta taɓa taka filin wasa ba a rayuwarta. Amma ran da labarin ya zo, ta aiko aka kira ni, ta ce, "Ƙanena, ka kai ni in gan shi da idona, tun kafin idon ma ya bi sahun gwiwa."

Na lallaɓa ta, na ce ta zauna a gida ta gani a talabijin. Ta ce talabijin ɗin da ke mayar da mutum kamar tururuwa, kuma a ɗauke wuta ana tsakiyar abu, ba ta so. Auta da kansa ya aiko mana da tikiti biyu, ya ce ya san ɓangaren da za mu zauna, zai nemo ta da ido.

Tsohon fili dai da ƙafa ake zuwa. Na maƙwabta kuwa, motar haya ce ke sauke ka a bakin ƙofa. Namu sabo an kai shi can bayan gari inda ko mai kiwo sai ya yi niyya yake zuwa, domin a nan ne, in ji masu gulma, Ranka-ya-daɗe Uban Kwangila, wanda aka ba aikin ginin, yake da fili na sayarwa. An shimfiɗa titi mai kyau har bakin ginin, amma na masu jiniya ne. Mu an sauke mu a wata mahaɗa, muka ƙarasa da ƙafa cikin rana, Yaya na dafe da kafaɗata, muna tsayawa duk inda muka ga inuwar turken lantarki.

Da muka iso na ƙirga ƙofofi ashirin da huɗu, duk an shafa musu fenti, duk da lamba. Biyu ne a buɗe. Ɗaya ta manya ce, an shimfiɗa mata jan kafet, babu kowa a bakinta sai masu gadi suna hamma. Ɗayar kuma ita ce ta dukanmu, mu dubbai. Na tambayi wani mai gadi dalilin rufe sauran, ya ce ba a ƙaddamar da su ba tukuna, sai Mai Girma Mai Almakashi ya samu lokaci ya zo ya yanka musu ƙyalle. Ban yi musu da shi ba, don na ga kulkinsa ya fi bakinsa saurin magana.

A wannan ƙofar na rasa takalmi. Na sa Yaya a gabana, na kewaye ta da hannuwa, na ba jama'a bayana. Ana turowa daga baya, masu gadi na duka daga gaba, wai a bi layi, alhali babu wurin da layi zai tsaya. Na ji numfashinta yana sama-sama, na ji tana karanto addu'a ƙasa-ƙasa, a nan ne na ce a raina yau in wani abu ya sami matar nan da wane ido zan kalli Auta. Kulkin da aka kawo mata shi na tare da kafaɗa. A tsohon fili ban taɓa ganin turmutsutsu irin wannan ba, domin tuni ɓarayi suka kwashe ƙyamaren, kowa ya shiga ta inda ya ga dama. Ashe ɓarayin nan taimakonmu suka yi.

Da muka samu kanmu a ciki, Yaya ta nemi ruwa ta wanke fuska. Famfuna na nan reras a jikin bango, suna ƙyalli. Na murɗa shida, babu wanda ya yi ko tari. Banɗakuna kuwa kowanne da kwaɗonsa, mabuɗin yana hannun wani da aka ce ya tafi tarbar manya. A filin maƙwabta na taɓa murɗa famfo don gwaji kawai, ruwa ya feso ya jiƙa mini wando, na tsaya ina kallonsa kamar baƙauye har wani ya tambaye ni ko lafiya.

Akwai na'urar hawa sama, an rubuta a jikinta cewa ta manyan baƙi ce. Akwai kuma wata hanya mai gangare da aka yi wa masu keken guragu da tsofaffi, muka bi ta da murna, sai ga shi ta ƙare a jikin bango. Dole muka dawo matakala. Na ce wa Yaya ta bari in goya ta, ai ita ma ta goya ni. Ta harare ni, ta ce in na kuskura na ɗaga ta a gaban jama'a to in nemi wata yayar. Haka ta hau da ƙafarta, mataki goma ta huta, mataki goma ta huta, ba ta ce wayyo ko sau ɗaya ba.

Tikitinmu ya ce layi na arba'in. Kujerun sun ƙare a layi na talatin da biyu. Daga nan sai siminti tsirara da rodi a tsaitsaye. Na nuna wa wani ma'aikaci mai rataye da kati a wuya, ya karɓa ya duba da kyau, ya ce tikitin ba shi da matsala, layinmu yana cikin kashi na biyu na aikin. Na tambaye shi yaushe za a fara kashi na biyun, ko mu jira a tsaye. Ya ce wannan ba ofishinsa ba ne.

Wani dattijo da ke layin ƙarshe, tsohon malamin makaranta mai riƙe da ƙaramar rediyo, shi ya tashi ya ba Yaya kujerarsa. Ni da shi muka zauna a kan simintin da rana ta gasa tun safe. Rumfa kam akwai ta, mai kyau ƙwarai, muna hango ta a ɗaya ɓangaren, ta lulluɓe kujerun manya masu laushi, rabinsu ba kowa.

Ya kamata a fara wasa ƙarfe huɗu. Sai biyar saura aka busa usur, domin Mai Girma bai iso ba, kuma an ce ƙwallo ba ta motsi sai ya zauna. Duk da haka, in faɗi gaskiya, kashin farko mun ga wasa. 'Yan wasan dai ƙanana muke ganinsu, don tsakaninmu da ciyawa akwai hanyar tsere, akwai rami, akwai shinge. A tsohon fili kana jin numfashin ɗan wasa, in ka zagi alƙalin wasa ya ji, har ya waiwayo ya rama. A nan sai dai ka zage shi don sauke nauyi. Auta yana benci. Yaya ba ta kalli ƙwallon ba ko sau ɗaya, bencin ta zuba wa ido.

Ana hutun rabin lokaci sai ga wasu ma'aikata da dogayen ƙarafa da igiyoyi sun taru a gaban ɓangarenmu. Kafin mu ankara sun ɗaga wani ƙaton ƙyalle, faɗinsa ya kai tirela uku a jere, mai ɗauke da hoton Mai Girma da godiyar al'umma. Ashe tun safe ya kamata a kafa shi, mai bugawa ne ya makara. Fuskar hoton tana kallon rumfar manya, don Mai Girma ya riƙa ganin kansa daga inda yake zaune. Mu bayan ƙyallen aka ba mu. Ya rufe mana rabin fili, har da ragar da 'yan wasanmu za su kai wa hari. Rana ta haska shi ta gaba, sai ga kunnen Mai Girma ya fito ta wajenmu, ya kai ƙofar gareji girma.

Jama'a suka yi ihu, aka yi jifa da robobin ruwa. Masu gadi suka juyo suka jera mana kulake, ihun ya koma gunaguni. Malam ya ƙara muryar rediyonsa, mutum wajen talatin suka matso. Haka muka zauna a cikin filin da aka ce ya fi kowane fili, da tikitinmu, muna sauraron wasan da ake yi a gabanmu.

Saura minti goma sha biyar a tashi, babu wanda ya ci, aka ɗaga lambar Auta. Wannan kam Yaya ta gani. Ta gan shi ya tsaya a bakin layi, ya gyara safa, ya ɗaga kai yana duban ɓangarenmu, sannan ya ruga ya shige bayan kunnen. Ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga fata.

Rediyo ta ce an samu bugun kwana. Sai muka ji filin ya ɗauka gaba ɗaya, muka hango mutanen wancan ɓangaren suna tsalle. Muka juya ga babban allon da aka ce an sayo don maimaita ƙwallaye, sai ga Mai Girma yana tafi. Mai sanarwa ya ɗauki lasifika ya fara gode wa Mai Girma bisa wannan ƙwallo da aka ci a ƙarƙashin jagorancinsa.

Yaya ta ce, "Wa ya ci?"

Malam ya manna rediyo a kunne, ya saurara, sannan ya dube ta. "Baiwar Allah, lamba nawa kika ce ɗanki?"

Ta faɗa masa.

Ya ce, "To shi ne. Da ka ya sa ta."

Ba ta yi guɗa ba, ba ta tashi ba. Ta zuba wa ƙyallen ido kamar za ta huda shi. Sai ga wasu ƙafafu sun rugo sun tsaya a ƙarƙashinsa, daidai saitinmu, daga gwiwa zuwa ƙasa kawai muke gani. Suka yi dama, suka yi hagu, suka ɗan yi tsalle. Nemanta yake yi. Ta ce a hankali, "Ga shi can. Ƙafafun babansa ne." Ta ɗaga hannu tana yi wa ƙafafun alama, har wasu ƙafafun suka zo suka rufe su. Sannan ta ja gefen mayafi ta goge ido. Ni kuwa na juya ina duban rodi, don akwai abin da ƙane ba ya so yayarsa ta gani.

Da aka tashi an kulle mu kusan awa guda, har ayarin manya ya gama fita. A filin maƙwabta minti goma ya ishe ka ka tsinci kanka a titi. Ba na ce can aljanna ba ce, kujerunsu matsattsu ne, mai sanarwarsu kuma kamar da kunnenka yake faɗa. Amma wanda ya gina shi ya taɓa sayen tikiti ya zauna cikin mutane, ana gani a jikin ginin. Tsohon namu, da duk tsagewar bangonsa da awakin da ke kiwo a bayan raga tun da manya suka yi watsi da shi, an gina shi ne don a kalli ƙwallo. Sabon an gina shi ne don a ɗauke shi hoto daga jirgin sama.

Muna cikin motar dawowa Auta ya kira. Ina jin muryarsa ta wayar, yana haki, yana tambaya, "Inna, kin gani? Kin gani?"

Ta ce, "Na gani, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Ta kashe wayar, ta dube ni irin duban da take yi mini ina yaro in na ga abin da bai kamata in faɗa ba. Na gyaɗa kai.

Da safen nan na ji Ranka-ya-daɗe Uban Kwangila a rediyo yana amsa ƙorafin jama'a. Ya ce 'yan baƙin ciki ne kawai ke surutu, shi da kansa ya kalli wasan daga farko har ƙarshe, babu abin da ya tare masa gani, ruwa na zuba a famfo, bai kuma ga cunkoso a ƙofa ba. Ni ban ƙaryata shi ba, Allah ya ƙara masa lafiyar ido. Roƙona ɗaya ne ga masu abin. In za a sake ɗaga ƙyallen nan, a taimaka a buga hoton ciki da waje, mu ma mu ga fuskar wanda muka je kallo, domin jiya kunne kaɗai ya zo rabonmu.