Ranar da Na Goge Takardun Baba Bature

Ba zan taɓa mantawa da ranar da son a yaba mini ya ja mini asara ba. A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki karon farko, masaƙar da nake ɗaukar kaya a unguwar Kudenda ta ce za ta zaɓi ɗaya cikinmu, mu shida da take koya wa zane, ya koma ɗakin zanen atamfa. Ni kuwa tuni na baza wa mutanen unguwarmu Trikania cewa ni ne (bakina ba ya jiran kowa).

Mai koya mana wani tsoho ne, muna ce masa Baba Bature. Yaƙin Duniya na Biyu ya koro shi daga ƙasarsu, bayan an rufe makarantar da ya koyi zane. Mutumin nan, da da'ira ɗaya da layi biyu sai ya fitar da zanen da mata za su yi rububinsa a kasuwa.

Ranar gwaji na yi sammako don a ga ƙwazona. Na tarar da teburinsa cike da takardu a nannaɗe, wasu a tsaye, wasu kamar mafici. Na ce kai, tsufa bai yi ba, dubi yadda ya bar takardu a yamutse! Na warware su tas, na ari dutsen guga, na goge, na jera.

Yana shigowa ya tsaya cak. Ya ɗauki wata da ta yi ja don daɗewa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba!" (Har da ɗaga hannu, jama'a.)

"Sauran takardun na darasin yau ne. Wannan kuwa malamina ya naɗe ta da hannunsa. Ita kaɗai na tsira da ita."

Bitrus, abokin takarata, ya raɗa mini, "Sannu da aiki, oga wanki da guga." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi mari ciwo. Ya haska takardar a taga ya ce, "Sawun naɗin yana nan. Kai ka warware, kai za ka mayar."

Sati uku na yi ina bin layukan nan kafin takardar ta tashi tsaye yadda na tarar da ita. A nan na gane zane ba ado ba ne, tunani ne. Amma kafin in gama ganewa, Bitrus ya haye kujerar, ni na koma ɗaukar kaya.

Tun daga ranar, ko ɓawon gyaɗa na gani a teburin mutum sai na tambaya kafin in taɓa. Matata ta ce lalaci ne. Ba ta san abin da na biya ba.