Inabin Tekun Eulalia Ya Ci Kashin Kaji

"A sa mini albarka, amaryata," in ji Efrain, yana karɓar jakar kakarsa a ƙofar gidanta na garin Loiza.

"Sai na ga itacena tukuna," in ji Eulalia.

Jinyar ƙanwarta ta kai ta garin Ponce, ta bar wa wannan jikan nata bonsai ɗinta, wato ɗan itacen inabin tekun da ta yi shekaru tana rainonsa a kasko, tana datse saiwa, tana lanƙwasa rassa da waya, har ya tsufa bai wuce gwiwa ba. Asabar mai zuwa za ta kai shi gasa.

Da ta leƙa bayan gida sai ta dafe ƙirji. Ga itacen a tsohon bokitin fenti, babu waya ko ɗaya, ganyayensa fato-fato kamar faifai.

"Efrain! Wane azzalumi ne ya yi wannan?"

"Azzalumi ko mai ceto? Na tarar da shi ɗaure tamau, ga yunwa. Na kwance shi, na ba shi kashin kaji."

"Kashin kaji! Ruwa na ce ka ba shi, mai kan kwakwa! Ka san wahalar da na sha kafin ganyen nan ya ƙanƙance?"

"Ai ke kowa kika raina sai ya ƙanƙance. Dubi marigayi Kaka, a aljihu ake saka shi."

"Kakanka ya fi ka tsawo yana zaune! Yanzu me zan kai gasa? Laima?"

"Ki kai. Alƙalan ma sa samu inuwa."

"Na sake ka! Yau ɗin nan na sake ka, in auri mai hankali."

"Wa zai kwashe ki? Haƙoranki a kofi suke kwana."

Idonta ya ciko. Gasar bana dai ta wuce ta. Ko yau ta tsige ganyen, sababbi ƙanana ba za su fito kafin Asabar ba. Ta ɗauko almakashi ta durƙusa tana ƙunƙuni, ta ɗaga wani ganye, sai hannunta ya tsaya. Ga wata siririyar zangarniya ta fararen furanni tana reto. Tun da take da itacen nan bai taɓa fure ba.

"Me kika gani, tsohuwa?"

"Ba ruwanka."

"Fure ne ko? Ce na gode."

"Don murnar dawowata ya yi shi, ba don ƙazantarka ba!"

"To bari in zubar da sauran kashin."

Eulalia ta yi wuf ta riƙe masa riga, dariya ta ƙwace mata. Ta zaro alawar kwakwa daga jaka ta cusa masa a baki.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan banza. Ajiye mini kashin nan a inuwa."