Kanwar Dakta Sirajuddeen

Duk Jalingo babu mai saka farar riga kamar Dakta Sirajuddeen, shugaban ɗakin gwajin jini na wani asibitin kuɗi a unguwar Turaki. Ba likita ba ne, amma wa zai tsaya bincike ga mutumin da ya yi kwas na kwana tara a Jamus? Ma'aikata na kiransa Bajamushe, shi kuma yana ɗauka yabo ne.

Ranar Talata da ƙarfe takwas ya iso, ya shafa na'urar auna gishirin jini kamar mai gaida doki. Cikinta akwai wani ɗan bututu da ake cikawa da ruwan fotashiyam na musamman. Da shi na'urar ke gwada kowane jini. In ya karkace, duk lambobi sun karkace. Ruwan ya ƙare tun makon jiya. Bajamushe bai damu ba.

"Fotashiyam ai kanwa ce. Turawa suna kawai suka canza mata." Ya sa aka sayo kanwa ungurnu a Kasuwar Jalingo, ya jiƙa, ya tace da hankici, ya ɗura.

Ƙarfe tara Murna, mai aikin gwajin, ta saka ruwan gwaji da aka san awon fotashiyam ɗinsa huɗu ne. Na'ura ta ce huɗu da rabi. Ƙarfe sha ɗaya ta sake, ta ce biyar da ɗigo uku.

"Oga, wannan abu yana yawo fa. Kwalba ɗaya, amsa biyu."

"Ke a ina kika yi karatu?"

"Nan Jalingo, Oga."

"To shi ya sa. Na'urar Jamus ba ta yawo, tunani take yi."

Sha biyu da kwata aka kawo jinin Rauda, 'yar Malam Hambali, shekararta shida, kwana uku tana gudawa. Likita na son sanin ko fotashiyam ɗinta ya faɗi, don ya ƙara mata a ruwan da ake saka mata. Na'ura ta yi tunani, ta ce huɗu daidai, wato ba sai an ƙara mata komai ba. Murna ta roƙa a kai jinin wani wuri. Bajamushe ya zaro biro mai ruwan zinare, ya sa hannu, sa hannun da ya fi sakamakon faɗi.

Ƙarfe biyu ya tafi ba da lacca kan ingancin aiki. Ƙarfe huɗu da minti goma zuciyar Rauda ta tsaya.

Asibitin ya kafa kwamitin bincike, aka ba Bajamushe shugabanci, tunda shi kaɗai ya fahimci na'urar. Kwamiti ya gano laifin zafin Jalingo ne. Aka mayar da Murna wajen yankar kati, aka saka wa Dakta iyakwandishan a ofis. Nasa jinin kuwa, da ciwon suga ya motsa, Yola ya aika da shi.

Ya zo ta'aziyya ranar uku, ya yi wa Malam Hambali bayanin minti ashirin kan iyakar ilimin ɗan Adam, ya nemi ruwan sanyi, aka ba shi.

Bayan sadakar bakwai aka raba kayan Rauda. Rigunan makaranta biyu da jaka suka tafi Iware wajen 'yar ƙanin babanta. Takalmin bai shigi kowa ba, yana ƙarƙashin gado. Kofin da Dakta ya sha ruwa da shi, Malam Hambali ya wanke shi tas, sannan ya kai shi bola.