Rubutun da Nis Sa Anka Daidaita

Ba ni mancewa da ranin da nik kashe ma Baba albasatai a Taloka, da hannuna da wayona.

Akwatin da ka sarrafa injin ban ruwanmu mai sola ya mutu, ga dashe ya kama. Ni ko, da nib bar boko aji biyu, kullum ina cikin waya, nic ce ina iya yin sabon allon ciki. Na gani ana yi: a buga zanen hanyoyin wuta bisa takarda mai sheƙi, a kihe ta kan allon jan ƙarhe, a danne da dutsen guga tawada ta manne, asid ya cinye saura.

Nit tahi Goronyo wurin mai hotokwahi ya buga min zanen daga wayata. Da takarda tah hito, sai nig ga haruhwan da ka jikin zanen duk sun juya baya.

"Malam, injinka ya ɓata rubutu. Juya min shi."

"Haka yake cikin wayakka hwa."

"Kai dai daidaita."

(Ranar hwarko ke nan da nig gyara ma wani Turanci.) Yaj juya min zanen baki ɗaya, har hanyoyin wutar. Ashe da gangan anka birkita shi tun hwarko, don in an kihe ya koma daidai. Na ga rubutun ya birkice bisa allo bayan guga, nic ce ai wuta ba ta karatu.

Baba bai taɓa yabona gaban mutane ba. Rannan shi da kainai yak kira maƙwabtan gona, "Ku taho ku ga aikin yaron ga." Har hula yas sake.

Nih haɗa wayoyin wuta. Wani ƙauri yat tashi, injin yay yi tari guda, shi ma yab bi akwatin.

Kawu Isa, mai gonar gabas, yaj juya allon a hannu. "Wanga rubutu mi na na? Daga baya yah hwara."

Baba yak karɓa, yad daɗe yana dubawa. "Ajami na," yac ce a hankali. "Mu daga dama muka karatu."

Ba wanda yay yi dariya. Da sun yi, da ya hi min sauƙi.

Kwana tara muna ɗibar ruwa da bokiti, ni da tsoho mai ciwon baya. Rabin dashen ya bushe. Bai yi min hwaɗa ba, bai kuma sake kiran kowa ba.

Yanzu in nig ga abu a karkace, ina hwara tambaya ko ni na tsaye a juye.