Yadda Tasi'u Ya Yi Tuwo Daga Nesa

Akwai wani abokinmu Tasi'u, mutumin Malumfashi, wanda ko ba ka tambaye shi ba sai ya gaya maka cewa shi ofishinsa a jakarsa yake. Shi da bakinsa ya ba mu labarin nan, yana bayarwa yana yi wa kansa dariya, don haka kada wani ya ce mun tona masa asiri.

Sana'arsa ita ce tsara wa 'yan kasuwa shafukan sayar da kaya a intanet. Yana da masu takalma a Kano, yana da masu turare a Maiduguri, kuma bai taɓa taka shagon ko ɗaya daga cikinsu ba. Da kwamfutarsa a goye ya zauna Kigali, ya leƙa Alƙahira, daga ƙarshe ya kama ɗaki a saman wani tsohon bene a Istanbul. Maganar da ya fi so a duniya ita ce, zamani ya wuce a ce sai mutum ya tsaya a kan abu kafin abin ya tafi daidai. Ya faɗa wa kwastomominsa, ya faɗa mana, har ma ya faɗa wa mahaifiyarsa, wadda suke kira Inna.

Inna dai ba ta taɓa gamsuwa da wannan yawon ba. Ranar da zai tafi ta cusa masa ƙullin kuka da daddawa a akwati, ta ce ta yarda ya je, amma ranar da ta ga wuyansa ya yi tsawo, to ya tattaro ya dawo gida. Tasi'u ya san Inna ba ta faɗin magana sau biyu.

Matsalar ita ce, mutumin da ke juya kasuwar Kano daga Turkiyya bai iya dafa ko ƙwai ba. Shi ne na tara a ɗakinsu, yayyensa kuma kusan duk mata ne, saboda haka iyakar saninsa da kicin shi ne ƙofar da kwano yake fitowa. A Istanbul sai ya koma burodi da shayi da safe, taliyar leda da rana, da yamma kuma a sake burodi da shayi. Wando ya fara zamewa. Ya huda wa bel sabon rami, bayan ɗan lokaci ya sake huda wani. Amma in Inna ta kira shi ta bidiyo, sai ya zura rigar sanyi mai kauri, ya zauna kusa da taga, ya kawo wayar dab da fuska yadda kumatu za su cika allon.

Allah ya taimake shi da mai gidan, wata dattijuwa da ake kira Narmin, wadda ƙofarta ke kallon tasa. Ba ta jin Turanci, shi kuma ba ya jin Turkanci, amma ya laƙaba mata Goggo kuma tana amsawa. Wata rana suka haɗu a matattakala, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta girgiza kai. Tun daga ranar kusan kullum sai ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da abinci a faranti mai zanen furanni.

Da mutumin kirki ne, da ya ci ya gode. Tasi'u kuwa sai ya ga hanyar kare kansa. In farantin ya iso, kafin ya sa hannu sai ya kira Malumfashi.

"Inna, kin ga abin da na ɗan haɗa yau."

"Ikon Allah. Kai ka nannaɗe shinkafa a cikin ganye haka, Tasi'u?"

"Ai yanzu komai a intanet ake koyo, Inna."

"To madalla," in ji Inna. 

Sai dai faranti yana da nasa hakkin. A gidansu ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, kuma da ya tambayi mai shayin da ke ƙasan benen, ya tarar nan ma haka al'adar take. Ya taɓa gwada sayen kayan zaki a shago ya ɗora a kai. Goggo Narmin ta karɓa, ta yi magana a wayarsa, wayar ta fassara masa cewa na shago kowa ya san ɗanɗanonsa, ita abincin mahaifiyarsa take so ta ci daga hannunsa. Tun daga nan ya daina mayarwa. In ya cinye sai ya wanke farantin tas, ya jera a kan kantar kicin, ya ce gobe. Faranti ya hau kan faranti. Ya koma saɗaɗawa a matattakala, takalmi a hannu, kamar ɓarawo a gidan da yake biyan haya. Ranar da tsohuwar ta kawo masa miya a kofin shayi, ya gane kabad ɗinta ya ƙare, kunya kuma ta kusa kashe shi.

Washegari ya tono ƙullin Inna daga ƙasan akwati, inda daddawa ta gama yi wa rigunansa turare. Ya yanke shawarar tuwon shinkafa da miyar kuka zai yi. Ya kira gida, ya gyara murya.

"Inna, ni fa ina yin tuwo, amma nawa na zamani ne. So nake in gwada irin naki, don in kwatanta."

"To. Ka wanke shinkafa, ka zuba ruwa ya sha kanta sosai."

"Kofi nawa?"

"Daidai."

"Minti nawa za ta yi?"

"Sai ta nuna. Ka tsaya a kanta, Tasi'u. In ruwa ya ja baya ka ƙara, in ta yi luguf ka tuƙa. Kada ka matsa ko'ina."

Ya ce to. A ransa kuwa tausayinta ya ji. Mutanen da, in ji shi, duk wahalarsu daga nan ta samo asali, komai sai an tsaya a kansa.

Ya ɗora tukunya, ruwa ya fara motsi, sai ga saƙo daga babban kwastomansa, wani Alhaji mai takalma a Kano, yana so su yi magana yanzu-yanzu ta bidiyo. Intanet ɗin ɗakin Tasi'u kuwa mai rauni ne, yana zuwa yana ɗaukewa, shi ya sa duk muhimmiyar ganawa a shagon mai shayi yake yin ta. Da wani ne, da ya kashe wutar ya sauka. Tasi'u sai ya tsaya yana murmushi, don dabara ta faɗo masa.

Yana da wayoyi biyu. Ya ɗauki tsohuwar, mai lambar gida, ya jingina ta da gwangwanin sukari tana fuskantar tukunya. Ya kira ta ta bidiyo da sabuwar, ya amsa da kansa, sai ga tukunyarsa ɓaro-ɓaro a tafin hannunsa. Ya bar cokalin katako a ciki, ya ja ƙofa, ya sauka yana jin kansa a sama. Ya ce mana a matattakalar nan har ya fara tunanin yadda zai koya wa matan aure wannan fasahar.

A shagon ya buɗe kwamfuta, ya ajiye wayar a gefe, ya sa aka kawo shayi. Alhaji mutum ne da ba ya gaggawa. Sai da aka gaisa, aka tambayi sanyi, aka tambayi iyalin da babu, sannan aka shiga batun wani takalmi da ya ce a shago ruwan ƙasa ne amma a shafi ya fito ja. Tasi'u yana "haka ne, Alhaji," yana satar kallon tukunya. Tana nan zaune lafiya, ga ɗan tururi siriri a samanta. Can ya sake dubawa. Tana nan yadda take, tururin ma bai gusa ba. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a ransa, ka ga shinkafar ƙasar waje, ko tafasa cikin natsuwa take yi.

Alhaji ya bar ja ya koma kan baƙi. Tasi'u ya ƙara shayi. Ya lura mutane a titi sun tsaya suna ɗaga kai sama, har mai shayin ya fita da tawul a kafaɗa yana nuna wani abu, amma ya ce ba ruwansa, shi baƙo ne, kuma yana aiki. Bai kawo a ransa cewa intanet ɗin da ya guje wa a sama shi ne dai yake riƙe da wayar da ya bari a can ba. Hoton ya daɗe da sandarewa.

Sai kawai allon ya motsa. Tukunya ta ɓace, hayaƙi ya cika ko'ina, daga cikin hayaƙin kuma fuskar Goggo Narmin ta matso, ɗankwali a hanci, tana leƙen wayar da ido ɗaya.

Bai yi wa Alhaji sallama ba. Ya ce bai san da ƙafa ya hau benen nan ko da hannu ba. Ya tarar da ƙofarsa a buɗe, tsohuwar ta shiga da nata makullin, ta kashe gas, ta wangale tagogi, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna tari. Shinkafa ta zama gawayi. Cokalin katakon ya ƙone ya bar guntun mariƙi. Goggo Narmin kuwa ta gano farantanta jere a kan kantar kicin, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana rungumewa, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

Yana tsaye yana neman kalmar ban haƙuri a harshen da bai iya ba, sai tsohuwar wayar ta ɗauki ƙara a jikin gwangwanin sukari. Inna ce. Hannunsa ya riga hankalinsa, ya danna amsa, wayar kuma tana nan tana kallon abin da aka ajiye ta ta kalla.

"Tasi'u, mene ne wannan baƙin abin?"

"Tuwon ne, Inna. Bai ƙarasa ba."

"A'a, ya ƙarasa."

Jin muryar mace, Goggo Narmin ta sunkuyo da farantanta a ƙirji. Inna ta ƙura ido a kan furannin farantin nan da ta daɗe tana gani.

"Au, ashe ke ce mai intanet ɗin," in ji Inna. "Sannu baiwar Allah. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifa."

Tsohuwar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta fahimta. Ta ajiye faranti, ta ɗaga wayar, ta ja baya yadda Tasi'u zai fito gaba ɗayansa, babu rigar sanyi, babu hasken taga. Ta kama rigarsa ta ja, ta nuna iskar da ke ciki. Ta nuna bel da sababbin ramukansa. Ta zagaye wuyan hannunsa da yatsu biyu, ta ɗaga wa Inna ta gani. Tasi'u ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutum biyu sun yi shari'a sun gama ba tare da tafinta ba sai ranar.

Inna ta numfasa. "Ba na ce ka tsaya a kanta ba? Ina kake har ta ƙone?"

"Wallahi ina kallonta, Inna. Ban ɗauke ido ba. A waya lafiya ƙalau nake ganinta."

Inna ta ce, "Ai mu ma a waya lafiya ƙalau muke ganinka."