Ranar da Na Farfasa Silin Asbesto

Shekara ashirin ina rushe gidaje a Fagge. Shi ya sa na yi dariya lokacin da Injiniya Rifkatu, mai duba aikinmu, ta ce silin tsohon gidan da za mu rushe asbesto ne.

"Malam, a jiƙa shi, a sauke ɗaya bayan ɗaya, kowa da takunkumi," in ji ta. "Ƙurarsa tana lalata huhu."

Na ce, "Madam, na shaƙi wadda ta fi wannan."

Tana juya baya na ɗauki guduma. Kafin rabin awa na gama, na fito fari fat har gira, ina jiran yabo. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Sai kawai ta rufe wurin, ta tura ni asibiti.

Likita ya ce bai ga komai ba tukuna, irin wannan ciwo sai bayan shekaru yake bayyana.

Har yau, ko sau ɗaya na yi tari, sai leburorina su ajiye shebur su ce, "Allah ya jiƙan Oga." Nakan taya su dariya, amma tawa ba ta kaiwa ciki.